Burodin da Mai Shi Ba Ya Ci

Son banza mugun hali ne, kuma mafi ƙazanta a cikinsa shi ne na mutumin da za a kawo masa 'ya'yan mutane amana don ya koya musu sana'a, shi kuwa ya dube su ya ga jakunan da ba sai ya saya musu dusa ba. Irin wannan mutum ba ya tsallake katangar kowa. Yana da gida, yana da mota, ana gaishe shi a hanya. Amma abin da yake sata ba ya mayaruwa, domin kwanakin mutum ne. Ga yadda ta kaya da ɗaya daga cikinsu.

Akwai wani saurayi da ake ce wa Dogo. Shekara shida ke nan da ya gama karatu, shekara shida kuma yana zaune. Ya bi ofisoshi da takardarsa a leda har takalminsa ya cinye ta dunduniya, har masu gadi suka san shi, da sun hango shi sai su girgiza kai tun bai iso ba. A gidan yayarsa yake, a ɗan ɗakin bakin ƙofa inda aka jingine keken yara da tsohon firijin da ya mutu. Mijin yayar ba mutumin banza ba ne, bai taɓa gaya masa baƙar magana ba. Sai dai in Dogo ya miƙa hannu zai ƙara abinci, sai wani ɗan tari ya taso wa mijin. Wannan tari ya fi zagi ciwo.

Ana nan sai gwamnati ta fito da shirin koyon aiki na matasan da suka daɗe ba su da abin yi. Za a kai mutum wani wurin sana'a ya yi wata shida. Gwamnati ce za ta riƙa ba shi ɗan abin hawa mota, mai wurin ba zai biya komai ba. Nasa kawai ya koyar, ya kuma sa hannu a takarda duk mako cewa an koyi kaza da kaza. In wata shida suka cika, jami'i zai zo ya ga aikin da idonsa. Wanda ya ci, a ba shi kayan sana'ar ya je ya tsaya da ƙafarsa. Sharaɗi ɗaya ne: kada mutum ya kai shekara talatin. Dogo kuwa saura masa wata bakwai ya cika talatin. Ka ga ke nan ba shi da zagaye na biyu.

Aka tura shi gidan burodi, shi da wata yarinya da ake ce wa Rediyo, don bakinta ba ya hutawa.

Mai gidan burodin wani kakkauran mutum ne mai ƙaton tumbi, ma'aikata na ce masa Makullai a bayan idonsa. Tarin makullai ne a ƙugunsa, guda goma sha tara, kafin ka gan shi ka ji su. Ya kulle famfo, ya kulle ban ɗaki, ya kulle akwatin da ake ajiye sabulu. Ranar da suka zo ya tsaya ya ƙare wa Dogo kallo daga sama har ƙasa, kamar mai taya rago.

Ya ce, "Kai, wannan tsawo haka! Ba sai na sayi tsani ba. Kana iya ɗaukar buhu?"

Dogo ya ce, "Ina iyawa, maigida."

"To ka gama koyon rabin aikin."

A gidan akwai wani tsoho, kowa Baba yake ce masa. Shekara ashirin da biyu yana wurin. Shi ke awon fulawa da yis da gishiri da sukari, shi ke kwaɓi, shi ke duba wutar tanderu. In aka kawo buhu sai ya cusa hannu ya sunsuna, wanda bai yi masa ba ya ce a mayar, ko Makullai zai yi ta kumfar baki har yamma. Dogo ya yi murna da ganinsa, ya ce a ransa ga malami. Murnar ba ta yi mako biyu ba. Wata safiya Makullai ya kira tsohon a gaban kowa.

"Baba, ka gaji. Ka je ka huta."

Tsohon ya ce, "Ni na ce maka na gaji?"

"Gwamnati ta ba ni hannu huɗu kyauta. In ci gaba da biyan hannu biyu masu rawa, ai na zama wawa."

Baba ya kwance ƙyallen da yake ɗaurawa a ƙugu, ya ninke shi, ya ajiye a kan tebur, ya fita. Kafin rana ta faɗi an kira kafinta ya sa wa ɗakin awo sabon kwaɗo, aka kuma huda wata 'yar taga a bango wadda kwaɓi zai riƙa fitowa ta ciki. Daga ranar ba mai shiga ɗakin sai Makullai.

To me Dogo ya koya? Ya koyi sauke buhu daga mota. Ya koyi kankare gwangwanayen burodi har faratansa suka tsage. Ya koyi yashe kwata, da wanke motar maigida, da ɗura burodi a leda. Rediyo kuma aka mayar da ita gidan maigidan, tana wanke-wanke da kai yara makaranta, sai da yamma ta dawo ta share shago. In kuwa lokacin awo ya yi, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sai Makullai ya kira Dogo ya miƙa masa baƙar leda.

"Maza ka je gidan burodin can bayan tasha, ka sayo mini manya biyu. Ka kai gida, kada ka biyo da su ta nan."

Ranar farko Dogo ya tambaya, "Maigida, ga burodi muna yi, sai an je wani wuri?"

"Kai karatu ka yi ko barci? Ɗan kasuwa yana ɗanɗana na abokin gaba don ya san inda yake. Wannan ma darasi ne, kyauta na ba ka."

Tafiyar da dawowar awa guda da rabi ce a ƙafa. Kafin ya dawo an gama awo, an gama kwaɓi, an kulle ɗaki. Duk ƙarshen mako kuma Makullai ya zauna ya lashi yatsa ya buɗe takarda, ya rubuta cewa ɗalibi ya yi awo, ɗalibi ya yi kwaɓi, ya sa hannu da wani dogon zane kamar na babban ma'aikaci.

Alheri ɗaya yake musu. In an tashi, sai ya ba kowa burodi guda. Kada ka raina wannan burodi. Shekara shida Dogo yana shiga gidan yayarsa hannu rabbana, yau ga shi da leda. 'Yar yayar tasa, yarinya 'yar shekara biyar mai giɓi, takan tsaya a bakin ƙofa tana jiransa.

"Kawu mai burodi ya dawo! Kawu, ni zan ci kan!"

Sai ya gutsura mata kan, inda ya fi gasuwa. Ko tarin mijin yaya ya lafa.

Da aka shiga wata na uku Dogo ya zauna ya yi wa kansa hisabi, ya ga bai san ko cokali nawa na yis ake sa wa mudun fulawa ba. Ya nemi gidan Baba. Ya same shi a bayan gida, ya yanke tsohon duro ya yi tanderu da shi, yana gasa 'yan ƙananan burodi yana sayar wa maƙwabta. Dogo ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Baba ya ce, "Kai da ka karɓe mini aiki, yanzu kuma kaina ka zo karɓa?"

"Baba, ni tsintsiya aka ba ni, ban ga aikinka ba."

Tsohon ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Wanke hannu. Har gwiwar hannu, ba irin wankin mage ba."

Daga nan duk ranar hutu Dogo yana can. Baba ba ya da sikeli, da hannu yake koyarwa. Ruwa a ɗiga a bayan hannu, in ya yi zafin da jariri zai yi kuka, ya kashe yis. Gishiri a gefe guda, yis a gefe guda, kada su haɗu tun ba a cuɗa ba. A murza har kwaɓin ya yi laushin fatar kunne. A rufe, a ƙyale shi, a daina leƙa shi kamar mai gadin fursuna. Burodin Dogo na farko da ya fito, Baba ya ƙwanƙwasa shi a bango ya ce a kai wa magina, suna neman irinsa. Na biyu ya tashi ya faɗi. Yini ɗaya a mako ba ya mai da mutum gwani, amma dai hannu ya fara ji.

Saura mako uku jarrabawa, sai wata rana Dogo ya tafi aiken nan nasa, ya ci sa'a wani mai babur da suka yi makaranta tare ya kai shi ya dawo da shi. Ya shigo gidan burodi tun sha biyu ba ta yi ba. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, zafi ya sa Makullai ya bar ƙofar ɗakin awo a buɗe. Wari ne ya fara tarar Dogo, wani tsami-tsami mai kama maƙogwaro. Ya matsa ya leƙa.

Makullai yana tsugune ba riga, gumi na bin tumbinsa yana ɗiga. A gabansa ga tarin burodin da masu talla suka dawo da shi bai sayu ba, wani ya yi kwana biyar, ya yi fumfuna kore da baƙi. Yana kankare koren da wuƙa, yana jefa sauran a cikin wani baho na ruwa, yana dama shi da hannu har ya zama kunu. Wannan kunun ake juyewa a sabon kwaɓi. A jikin bango ga buhunan fulawa masu araha da ya daina bari kowa ya buɗe, bakinsu na motsi da tsutsa. Ya ɗaura tsohon gidan sauro a bakin bokiti yana tankaɗe da shi, abin da ya wuce ya wuce. Kashin ɓera kamar an watsa baƙar shinkafa. Kyankyasai suna ta harkarsu a jikin injin kwaɓi. Dogo yana tsaye Makullai ya miƙe zai ɗebi ruwa a duro, ya ga wani abu yana yawo a sama, ya sa moɗa ya kwaso. Mataccen ɓera ne, ya kumbura. Ya wurga shi bayan buhu, ya mayar da moɗar nan ya ɗebi ruwan ya zuba a fulawa.

Dogo bai san sa'ad da ya kai bakin kwata ba. Ya yi amai har ya ji kamar hanjinsa zai fito. Ba ɓeran ya fi tsaya masa a rai ba, bakin yarinyar nan mai giɓi ne, tana tauna kan burodi tana masa dariya. Wata biyar yana ɗauka da hannunsa yana kai mata. Sai a lokacin ya gane aiken bayan tasha. Mutumin nan bai taɓa bari 'ya'yansa su sa burodinsa a baki ba.

Ya ji ƙarar makullai a bayansa.

"Me ka ci da safe haka, Dogo?"

Dogo ya goge baki, ya kasa ɗaga kai.

Makullai ya tsuguna kusa da shi, ya sassauta murya kamar uba. "Wuta tana kashe komai, yaro. Wa ka ji ya mutu? Saurara. Saura maka mako uku. Ranar jarrabawa ni da kaina zan kwaɓa maka da sabuwar fulawa tun da safe, kai dai ka yanka ka sa a gwangwani, ka ci, a ba ka tanderunka. In kuwa bakinka ya yi tsawo kamar ƙafarka aka rufe gidan nan, wa zai sa maka hannu? Shekarunka nawa ma? Ai na gani a takarda."

Ranar da yamma aka miƙa masa burodi ya karɓa, ya jefa shi a juji a hanya. Yarinya ta tare shi a ƙofa, ta duba hannun dama, ta duba na hagu.

"Kawu, ina nawa?"

"Yau babu."

"Ka cinye a hanya ko? Mama, Kawu ya cinye!"

Ya ja yayarsa gefe, bayan igiyar shanya, ya gaya mata duka. Ta dafe ƙirji, ta shiga ɗaki ta ɗauko guntun jiya ta watsa wa kaji, sai kuma ta bi ta kore kajin ta kwashe. Ta daɗe tana wanke hannu. Sa'an nan ta ce, "Mako uku ne, ƙanena. Ka daure. Ka karɓi abinka tukuna, in ya so ka tona shi."

"Yaya, kullum da safe 'yan makaranta ke layi a bakin shagon."

Ta ce, "Na sani." Sai ta ƙara cewa, "Na kuma san shekara shida."

Gaskiya ɗaya ce, Dogo ya daure, kuma ba abin yabo ba ne. Mako uku yana ɗura burodin nan a leda da hannunsa, yana jera wa masu talla a faranti, yana kallon yara suna miƙo kuɗi ta taga. Ya daina cin abincin rana. Duk abin da ya taɓa sai ya ji tsamin nan a yatsunsa. Ƙyamar da yake wa Makullai sai ta fara komawa kansa. Ranar hutu ya je wurin Baba ya murza kwaɓi kamar mai faɗa da shi, har tsohon ya ce, "Fulawar ba ta yi maka laifi ba." Ya so ya faɗa, kunya ta hana shi.

Ranar jarrabawa gidan burodi ya zama kamar asibiti. An share, an goge, an fesa turare. Makullai ya ciro fararen riguna daga leda ya ba Dogo da Rediyo, har layin ninki yana jiki. A kan tebur ga kwaɓi mai kyau a rufe da farin ƙyalle. Wajen hantsi jami'ar ta iso, wata mata mai furfura a goshi, da tabarau da fayil a hammata, ba ta da yawan fara'a. Makullai ya yi ta rusunawa har makullansa na taɓa ƙasa.

"Ranki ya daɗe, ga kujera. Yaran nan kamar 'ya'yana suke. Ga kwaɓin da Dogo ya yi da safe, sai yanka da gashi."

Ta ɗaga ƙyallen ta duba, ta mayar. Ta buɗe fayil. "Na ga mako ashirin da huɗu ka sa hannu cewa ya yi awo, ya yi kwaɓi. Madalla. To ba zai yi masa wuya ba. Jarrabawa daga buhu take farawa. Ina ɗakin awo?"

Makullai ya shafa ƙugu. "Wallahi ranki ya daɗe, makullin ne ya ɓata tun jiya."

Ta dubi tarin da ke ƙugunsa ta saman tabarau. "Duk waɗannan?"

"Na wasu wurare ne."

Ta juya wajen Dogo. "Samari, sau nawa ka yi awo a ɗakin can?"

Ko Rediyo sunkuyar da kai ta yi. Makullai ya kafe Dogo da ido, ya ɗan ɗaga yatsa uku a jikin cinyarsa, wato ya tuna shekara talatin. Dogo ya dubi kwaɓin nan mai kyau a kan tebur. In ya ce sau da yawa, wataƙila matar ta haƙura da batun makulli, kafin azahar ya zama mai tanderu. Daidai nan wata mata ta tsaya a taga da yaro a goye, ta miƙo kuɗi tana cewa a ba ta mai laushi, na yaye ne.

Dogo ya ce, "Ban taɓa ba, ranki ya daɗe. Ko sau ɗaya. Wannan kwaɓin ma ba ni na yi ba."

"Ƙarya yake!" in ji Makullai. "Malalaci ne, wata shida ina fama da shi!"

Dogo ya ci gaba. "Ba sai kin yarda da ni ba. Ki ɗauki burodi ɗaya a farantin masu talla, ki ce ya ci."

Jami'ar ta miƙe, ta zaɓi ɗaya da kanta, ta yage ledar, ta gutsura, ta miƙa wa Makullai. "Bismilla, maigida."

Ya dubi gutsuren kamar an miƙo masa kunama. "Ai ni, ranki ya daɗe, likita ya hana ni. Ciwon suga."

Nan fa Rediyo ta kama tasha. "Ciwon suga? Lallai! Kullum manya biyu Dogo ke kawowa daga bayan tasha, ni nake yankawa, ni nake shafa masa bota, shi yake cinye ɗaya kafin yara su dawo! Ranar da na kai na nan gidan da mantuwa, matarsa a bola ta zuba, ta ce in sake in gani!"

Jami'ar ba ta sauke hannu ba. Gutsuren yana nan a gaban bakinsa. Masu talla sun taru a ƙofa, matar da ke taga ta janye kuɗinta. Mutumin da ya ciyar da unguwa guda wata shida ya kasa haɗiye loma ɗaya. Da ta ga haka sai ta ajiye burodin ta ce, "Ka buɗe, ko in kira kafinta."

Makullin da ya ɓata sai ga shi a cikin tarin. Da ƙofar ta buɗe, turaren da aka fesa bai yi minti guda ba. Bai ko kwashe bahon ba, don bai taɓa zaton wani zai shiga ba. Jami'ar ta toshe hanci da gefen mayafi, ta yi taku biyu ta dawo. Wani mai talla ya leƙa, ya fito ya kife farantinsa a kwata. Ta ciro waya ta kira duba-gari, kafin su iso mutane sun cika titi, kowa yana tuna abin da ya ci da safe yana tofar da yawu.

Da aka sa wa ƙofar gidan jan fenti, jami'ar ta kira Dogo gefe, ya gaya mata ranar da ya fara ganin abin. Ba ta yi masa murmushi ba.

"Mako uku ka sani ka yi shiru?"

"E, ranki ya daɗe."

"Ka ji kunya."

"Na ji."

"Takardar nan duk ƙarya ce, ka san wata shidanka sun tafi a banza. Ita yarinyar da sauran shekaru, zan tura ta wani wuri. Kai kuwa..." Ta duba ranar haihuwarsa, ta yi tsaki.

Dogo ya ce, "Akwai tsohon da aka kora saboda mu. Shi ya koya mini ɗan abin da na sani. Tanderunsa duro ne, amma fulawarsa ana iya sunsunawa. Ki gwada ni a can. In na faɗi, na faɗi da hannuna."

"Babu duro a cikin dokar shirin nan."

Ta rufe fayil, ta buɗe, ta sake rufewa. Can ta ce, "Da nisa?"

A bayan gidan Baba aka yi jarrabawar, jami'ar tana zaune a kan turmi. An hana tsohon magana, sai ya koma gefe yana ta gyaran murya duk sa'ad da Dogo ya kusa yin kuskure, har ta ce in ya sake za ta fitar da shi daga gidansa. Dogo ya ɗiga ruwa a bayan hannu, ya raba gishiri da yis, ya murza har gumi ya jiƙa farar rigar aro. Burodin ya fito a karkace, gefe ɗaya ya ƙone. Baba ya dube shi ya ce shi dai ba zai sayar da wannan da sunansa ba. Jami'ar ta gutsura ta ci, ta miƙa wa Dogo ya ci, ta ƙara gutsura. Ta rubuta cewa ya ci, da ƙyar.

Tanderun gwamnati bai iso ba sai bayan wata goma sha ɗaya, kuma ya zo babu faranti a ciki. Kafin nan Dogo yana wurin Baba, sun yanka duro na biyu. Yarinya mai giɓi ta koma tsayuwa a bakin ƙofa.

Shi kuwa Makullai, ga abin da son banza ya bar masa. Gidan burodin da ya yi shekara ashirin da biyar yana ci a cikinsa, an rufe, ba a sake buɗewa ba. An soke sunansa daga shirin, an liƙa takardar a bangon ofis inda kowa zai gani. Masu tallansa goma sha huɗu, ko ɗaya bai waiwaye shi ba. Motar da Dogo ya yi wata shida yana wankewa ta tafi wajen shari'a, injin kwaɓi ya bi ta. Ya aika wa Baba har sau biyu ya zo su gyara, tsohon ya ce a gaya masa ya gaji, yana hutawa. Gidan burodin bayan tasha ma sun ce kada ya sake aiko musu, ba sa son a gan shi da ledarsu. In ya zauna a cikin mutane aka kawo abinci, ba mai sa hannu a kwano ɗaya da shi. Makullai goma sha tara ya ɗaura a ƙugunsa ranar da aka kawo masa 'ya'yan mutane. Yau guda ɗaya ya rage, na ɗakin da yake kwana.